Dokar halartar lacca ta hau kan malami kamar yadda ta hau kan ɗalibi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan dokar da yawancin jami'o'in Najeriya suke aiki da ita, wadda ta hana ɗalibi zama jarrabawar kowane kwas matuƙar bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccocinsa ba.

Ni ina goyon bayan dokar. A tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, zangon karatu yana da makonni 15 na koyarwa, wato kwas mai awa biyu a mako yana cin awa 30, kuma ɗalibi zai iya rasa awa bakwai ba tare da dokar ta taɓa shi ba. Wannan rangwame ya isa, musamman ga masu koyon aikin likita ko injiniya, waɗanda rayukan mutane za su dogara ga abin da suka gani da idonsu a ɗakin gwaji.

Damuwata tana ga yadda ake yin lissafin. 'Yata tana karatu a wata jami'a, kuma akwai malamin da bai leƙa ajinsu ba sai da zango ya yi rabi, sannan ya riƙa kiran lacca ranar Asabar da bayan La'asar domin ya cike giɓin da shi ya bari. Sanarwar takan zo ta WhatsApp da daddare. Yarinyar da take zaune a cikin gari, wadda kuɗin motarta ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba kullum take iya fita ba shiri ba, amma duk da haka aka rubuta mata rashin zuwa, alhali makonnin da ta yi tana zuwa aji tana tarar da babu malami ba su shiga lissafin kowa ba. Irin wannan cunkushe laccoci ya ƙaru bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na watanni takwas a 2022, lokacin da jami'o'i suka matse zangunan karatu.

Ita ma takardar ɗaukar suna abin dubawa ce. A zauren da ɗaruruwan ɗalibai suke zaune, takarda tana yawo daga hannu zuwa hannu, mutum ɗaya ya sa wa abokansa uku hannu, wani lokaci kuma ta ƙare ba ta kai ga na baya ba.

Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da su riƙa lissafa kashi 75 ɗin a kan laccocin da aka yi a lokacin da jadawali ya tsara kawai, shugaban sashe kuma ya riƙa ajiye rajistar zuwan malamai. A liƙa wa ɗalibai matsayinsu a tsakiyar zango, tun akwai damar gyara, maimakon su ji labari a ƙofar ɗakin jarrabawa. Wanda kuma ya kawo takardar asibiti, ko mace da ta haihu, ko wanda aka yi wa rasuwa, a saurari uzurinsa a gaban kwamiti kafin a cire sunansa.

Wassalam.

Wani mahaifi,
daga Kano