Gishiri da yashi ke kashe injin fatsa, ba girman kifi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwa mazauna bakin teku, daga Legas da Badagiri zuwa Kwatano, Lome da Akara, waɗanda suka fara sha'awar jefa fatsa a ruwan gishiri. Su irin na gida ba baƙonmu ba ne: birgi, mamari, ko homa da gora yadda ake faɗawa Matan Fada a Argungu. Amma injin naɗe zare da ake ɗaura wa sandar fatsa, wanda masu shago ke kira ril, baƙon kaya ne, kuma wurin sayensa ake tafka asara. Mutum zai zuba kuɗi a kan mai ƙyalli, kafin damina ta fita hannun ya cije, sai ya ce kifin teku ne ya fi ƙarfin injin. Da wuya kifi ya kashe ril. Gishiri da yashi ne ke gamawa da shi.

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. In ruwan ya bushe, gishirin yana nan maƙale a kowane lungu yana jawo danshi. Inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali noti na baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, ruwan gishiri kan mai da wurin tamkar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana fitar da farin gari. Shi ya sa ril ɗin da ya yi shekaru lafiya a dam ɗin Tiga ko Kainji ke iya mutuwa cikin 'yan watanni a gaɓar tekun Tarkwa Bay ta Legas.

Ril iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rataye ƙarƙashin sanda, wanda kwarkwaronsa ba ya juyawa, wata lanƙwasasshiyar waya mai kama da baka ce ke zagaya shi tana naɗa zare. Akwai kuma mai zama bisa sanda, wanda kwarkwaron kansa ke juyawa. Na biyun yana da ƙarfi, ya dace da sauke ƙugiya ƙasa daga cikin jirgi, kuma irinsa ne Penn Senator da ake ƙerawa tun 1936. Sai dai wurin jifa, in ba a iya danne kwarkwaron da babban yatsa ba, yakan fi zaren gudu, komai ya harɗe. Sabon shiga mai jifa daga gaɓa ya ɗauki na farkon.

Lambar girma tana ruɗa mutane, domin kowane kamfani da nasa mudun. Daiwa BG mai lamba 5000 ya kai girman abin da Shimano ke kira 8000 ko fiye. Saboda haka a bar lamba, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaro. Mai jifa daga rairayi ko daga kan duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas yana bukatar wanda zai ci aƙalla mita 250 na zaren roba mai kaurin milimita 0.40. Lissafin a fili yake: jifa kan cinye mita 60 zuwa 100, babban kifin barakuda na iya ƙara jan wasu gommai a gudun farko, sannan duk fita sai an yanke wani abu da duwatsu suka kankare. Mai zama a lagun, wato tafkin bakin teku, yana neman kifin kuroka da ƙananan kifaye bai bukatar wannan nauyi, mai cin mita 150 na zare 0.30 ya ishe shi.

Jikin ril kuwa, ko na roba mai tauri da ake kira girafait, ko na alminiyam. Na roba ba ya tsatsa, ga sauƙin kuɗi, kuma a ƙananan lambobi ba shi da laifi. A manyan lambobi ne yake ba da kunya. In kifi ya ja da ƙarfi, jikin kan ɗan lanƙwashe, haƙoran giya, wato faya-fayan ƙarfe da ke juya injin, su kauce wa juna su fara cin kansu. A shago ma ana iya gane wannan: a riƙe ƙafar ril da hannu ɗaya, a matsa gefen da ke ɗauke da wayar da ɗaya hannun. In ya yi laushi ya karkata, a mayar wa mai shago abinsa. Na magniziyam kuma, duk da rashin nauyinsa, gishiri na saurin cinsa da zarar fentin ya kwarzane.

Babbar yaudarar kasuwa ita ce yawan boris, wato zobba masu 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa injin juyawa da santsi. Za ka ga kwali an rubuta adadinsu, 12+1 ko 14+1, da manyan baƙaƙe, ga shi da ɗan karen araha. Boris goma sha huɗu na ƙarfen banza wurare goma sha huɗu ne da tsatsa za ta kama. Huɗu zuwa shida na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu murfi, sun wadatar. Santsin juyawa a shago ba shaida ba ne, sabon giris ne ke ɓoye aibi.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne birki, wato murfin da ke saman kwarkwaro, wanda ake murɗawa don zare ya riƙa fita da ƙyar lokacin da kifi ya fizga. A ƙarƙashinsa akwai jerin washa, na ƙarfe da masu laushi a tsakani. Masu laushin in na ulu ne, suna matsewa su ƙone bayan 'yan manyan kifaye. Na kabon sun fi jure zafi, kuma a kan yawancin ril ana iya canza na ulu da su a kuɗi kaɗan. Kada adadin da ke kan kwali ya ɗauki hankalin kowa. Birki mai kilo 15 ba shi da amfani in yana sakin zare da tsalle-tsalle, domin a daidai wannan cijewar ne zare ke tsinkewa ko ƙugiya ta yage bakin kifi. Gwajin ba wuya: a naɗa 'yan mitoci, a ɗaure birki rabi, a ja zaren a hankali da hannu. Ya fita bai ɗaya, ba tare da sai an fizga kafin ya motsa ba.

Ɗaurin da ake so kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zaren da ke tsinkewa a kilo 12, birkinsa kilo 3 zuwa 4. Wanda ba shi da sikeli ya zura zaren ta zobban sanda, ya ɗaura galan mai ruwa lita 3, ya ɗaga a hankali. In zare ya fara fita daidai lokacin da galan ke barin ƙasa, an dace. A kuma tuna cewa in kifi ya cinye rabin kaurin zaren da ke kan kwarkwaro, birkin kan ƙara tauri da kansa. Sassautawa ake yi a lokacin, ba ƙara ɗaurewa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke rasa kifin da suka sha wuya a kansa.

Game da sunaye, a matsakaicin farashi a kasuwannin waje ana samun waɗanda suka yi suna da ƙarko: Daiwa BG, Penn Battle, Penn Spinfisher da Shimano Spheros SW. A ganinmu, wanda igiyar ruwa ke fantsamar masa kullum ya fifita mai zoben roba da ke toshe ruwa, irin Spinfisher VI mai alamar IPX5. Alamar na nufin yana jure feshi, ba wai a tsoma shi ba. Wanda ke kamu daga jirgi ko daga tudu, BG ya ishe shi. Manyan Shimano Stella da ke haura dala 1,000 na masu bin kifin tuna ne a tsakiyar teku. Kafin a biya, a tambayi mai shago ko yana da sifirin na wayar da ke naɗa zare, washa da ɗan tayan da zare ke bi. Ril mai araha da ba a samun kayan gyaransa, ranar da sifirin ɗinsa ya karye ya zama kayan gwangwan. Jabu ma sun cika gari, alamarsu rubutu mai gogewa da farce da farashin da bai kai rabin na gaske ba.

Na gwanjo ba laifi ba ne in an duba. A cire kwarkwaro a ga ko sandar tsakiya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa. A shafa leɓen kwarkwaro da yatsa, domin ɗan tsagi kaɗan yana yanka zare wurin jifa. A juya hannu baya, in ya koma ko da kaɗan, abin da ke hana shi komawa ya gaji. In ana jin gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, giya ce ko boris, a rage kuɗin gyara daga farashi ko a haƙura.

Wurin cika zare, a bar milimita 2 zuwa 3 kafin leɓe. In ya cika fam, zare kan zubo a dunƙule, in ya yi ƙasa, jifa ba ta nisa. Mai amfani da saƙaƙƙen zare ya fara naɗa mita 10 zuwa 15 na zaren roba a ƙasa, in ba haka ba dukan naɗin zai riƙa zamewa, ya ɗauka birki ne ya lalace. Mai jefa dalma ta giram 150 ya ƙara gaba da zare mai kaurin 0.70 zuwa 0.80, tsawon sanda biyu da 'yan zagaye a kan kwarkwaro, don kada dalmar ta tsinke ta fasa wa wani kai.

Bayan kowace fita, a ɗaure birki, a yayyafa ruwan daɗi a hankali, a goge, a shanya a inuwa, sannan a sassauta birkin kafin a ajiye. Kada a tsoma cikin bokiti ko a tara a bakin famfo mai ƙarfi, domin hakan tura gishiri ciki yake yi. Kada a kwantar da ril a kan rairayi ko na minti ɗaya. Ɗigon mai ɗaya a ɗan tayan zare da mariƙin hannu duk bayan fita biyu ko uku, buɗewa da sabon giris sau ɗaya a shekara, ko nan take in ya faɗa ruwa. WD-40 narkar da giris yake yi, ba a fesa shi ciki. Boris ɗin da ke hana hannu komawa baya kuma mai mara kauri kawai ake sa masa, in aka cusa masa giris zai riƙa zamewa daidai lokacin da kifi ya ja.

Mun gode da ba mu fili. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu kamun kifi da fatsa,
Legas.