Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyar Masu Tara Tsabar Kuɗi Masu Zanen Shekara Ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Ga abin da kwamiti ya gudanar a madadinku a wannan shekara.

Abin da ya fi cin lokacinmu a zaman wata-wata shi ne tsohuwar gardamar nan: wane tsaba ne ya cancanci a kira shi mai shekara ɗaya, wato wanda aka buga zanensa a shekara guda kawai? Wasu sun ce sai dukkan zanen ya sauya, wasu kuma sun ce ko kalma guda aka cire ya isa. An kai ruwa rana. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk sauyin da hukumar buga kuɗi ta yi da gangan, a zane ko rubutu ko ƙarfe, ya shiga. Kuskuren inji bai shiga ba. Da wannan ƙa'ida ce tsabar Birtaniya ta 1953 ta samu gurbi a kundinmu, domin a shekarar kaɗai kuɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu suka ɗauki kalmomin BRITT OMN, gajeren Latin mai nufin "na dukkan ƙasashen Birtaniya", daga 1954 aka cire su.

Batun kuɗin tunawa, irin Yuro 2 da ƙasashen Turai suka fara bugawa a 2004, mun ware masa babi daban. In ba haka ba sai su cika kundin su danne sauran.

A baje kolin da muka yi, tiren da ya fi jan jama'a shi ne na 1936. Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu, ya yi murabus a Disamba, kuma ba a saki kuɗi mai hotonsa ga jama'a a Birtaniya ba. Sai dai sunansa ya fito a tsabar mulkin mallaka masu huda a tsakiya: na Afirka ta Yamma, da na Gabas, da Fiji, da Niu Gini. Hudar ce ta sauƙaƙa aikin, tunda babu wurin hoto, suna kawai aka sauya. Baƙi da dama sun yi ta juya su a tafin hannu suna neman fuskar sarkin.

Kusa da shi muka jera na Amurka. Akwai nikel na 1883, wato tsabar senti biyar, da aka buga da harafin V (biyar a lambar Romawa) kawai ba tare da kalmar CENTS ba, 'yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinariya suna ba da shi a matsayin dala biyar, har sai da aka gyara a cikin shekarar. Akwai mai bauna na 1913, wanda baunar ke tsaye a kan tudu, aka rage tudun saboda rubutun darajar kuɗin yana saurin gogewa. Jerin dabbobin Kanada na 1967, aikin mai zane Alex Colville, shi yara suka fi so, musamman zomo da kyarkeci.

Wani abu da kwamiti yake so sabbin mambobi su riƙe: shekara ɗaya ba ita ce ƙaranci ba. Sentin ƙarfe na 1943, wanda Amurka ta buga saboda yaƙi ya cinye jan ƙarfe, ya haura biliyan ɗaya. Amma sentin 1909 na San Faransisko mai haruffan VDB, farkon sunayen wanda ya zana shi, guda 484,000 ne kacal. Bana wani daga cikinmu ya kawo senti na 1943 mai launin tagulla, ransa fari ƙal, yana zaton ya tsinci dami a kala, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da aka buga da tagulla bisa kuskure. Muka kara masa maganaɗisu, ya manne caf. Ƙarfe ne aka lulluɓe. Sikeli ma ya tabbatar, giram 2.7 maimakon 3.11. Tun daga ranar muka sa maganaɗisu da sikeli da gilashin ƙara girma a teburin kowane zama.

Inda muka gaza kuwa, ɗaukar hoton tsabar kundi bai kai ko'ina ba, kuma har yanzu ana kawo mana tsaba da aka goge da man goge ƙarfe har ƙyallinsu na asali ya mutu. Don Allah a daina. Haka kuma a fitar da su daga ledar roba mai laushi, wadda take bar musu kore-kore.

A shekara mai zuwa za mu ƙarasa hotunan, mu buɗe babi kan fulorin Ingila na 1849, tsabar sule biyu, wanda aka yi wa laƙabi da "marar Allah" saboda ba a sa kalmomin DEI GRATIA, wato "da alherin Allah", a rubutunsa ba. Duk mai shi a hannu ya taimaka ya kawo wa kwamiti a zama na farko.

Sakatare, a madadin kwamiti.