Na kama haya a Bradford

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da yara, kuma an kammala yankan gero lafiya. Na san Auta ne zai karanta muku. To Auta, a hankali, ban da tsallake layi.

Alhamdu lillahi, na samu wurin zama nawa na kaina. Na baro ɗakin da muke cunkushe da abokan aiki, na kama ciki da falo a saman bene, da kicin da banɗaki. Tsohon ginin dutse ne, irin gidajen nan na jere da aka yi wa ma'aikata tun lokacin da garin nan ke tashen saƙar ulu. Bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabci, ko tari ya yi ina ji.

Baba, haya a Ingila ba kamar ta Kano ba ce, inda dillali zai kai ka wajen mai gida, ku gaisa, ka biya kuɗin shekara a miƙa maka makulli. Nan wata-wata ake biya, amma kafin makulli ya shiga hannunka sai an yi maka binciken ƙwaƙwaf. Doka ta ɗora wa mai gida ya tabbatar kana da izinin zama a ƙasar. Sai takardar albashi, sai wasiƙa daga wurin aiki, sai a duba ko kana da tabon bashi. Da yake ni baƙo ne, suka ce sai na kawo wanda zai tsaya mini. Wani dattijo Bakatsine da muke sallah tare, wanda ya daɗe a nan, shi ya sa hannu, alhali ya san in na gaza biya shi za a bi. Don Allah ku sa shi a addu'a. Shi kuwa mai gidan, har yau ban sa shi a ido ba, da ofishin dillalai kawai nake hulɗa.

Akwai kuma kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna. A nan kam na yaba musu. Tun 2019 doka ta hana ya wuce kuɗin hayar mako 5, kuma mai gida ba zai yi yadda ya ga dama da shi ba, dole cikin kwana 30 ya sa shi ƙarƙashin wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi. Ranar da zan tashi, in ban ɓata komai ba, a mayar mini da abina. Shi ya sa ranar shiga, kafin in sauke jaka, na bi gidan lungu-lungu da waya ina ɗaukar hoto: tabon shayi a kafet, tayil ɗin da ya tsage a bayan murhu, baƙin danshi a gefen taga. Kada gobe a ce ni na yi.

Haya daban, wuta daban, ruwa daban, ga harajin ƙaramar hukuma, duk da dai mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100. Wanda ya fi ci mini rai gas ne na ɗumama ɗaki. Hunturun Gumel da muke kuka da shi wasa ne, kuma nan ba damar hura wuta a ji ɗumi.

Fayau na tarar da gidan. Katifa, tukunya biyu da buta na fara saye. Banɗakinsu ba a ajiye buta, sai a shagon wani ɗan Pakistan na samo, wanda a wajensa nake sayen naman halal. Alƙibla ma a nan kudu maso gabas take, ba gabas ba. Daren farko na ɗora manja zan yi miya, sai na'urar hayaƙi ta silin ta ɗauki ƙara, har tsohuwar da ke ƙasa ta hawo tana buga ƙofa. Da haka muka san juna.

Na san Inna za ta ce me ya kai ni, da na zauna cikin mutane na tara kuɗin. Inna, aikin dare nake yi, mai aikin dare kuwa sai da barcin rana, a can ba na samu. Sannan in Allah ya nufa iyalina za su taho, ai ba ɗakin gwauraye zan sauke su ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Hidimar nan ta cinye abin da na tara, don haka kuɗin kwanon rufin ɗakin Inna zai yi jinkiri zuwa ƙarshen watan gobe in sha Allahu. Ina roƙonka Baba, kada a kai bijimin nan kasuwar Maigatari saboda wannan. Riɗin ma a ajiye shi, yanzu kaka ce, a wulaƙance za a saya. Damina da saura.

Sun mayar da agogonsu baya, yanzu kun riga mu da awa ɗaya, sai Auta ya lura in zai kira. A gaida Kawu da Gwaggo, da Malam Liman, da duk mutanen unguwa.

Wassalam,
Ɗanku