Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan gajiyar da ke cin nas-nas. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, ICD-11, a matsayin matsalar da aiki ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita a rai, mutum ya riƙa ganin ba ya tsinana komai.

Shekarata tara ina dutin dare. Tsayuwar dare da sauƙi. Wahalar takan fara ne bayan na miƙa aiki, na sauka daga adaidaita sahu, na kwanta. Sai saƙa da warwara: na rage gudun ƙarin ruwan tsohon nan na gado na shida kuwa? Me matiron, shugabar nas-nas, take nufi da kallon da ta yi mini? Har a kira azahar ido biyu.

Wata abokiyar aiki, masaniyar halayyar ɗan'adam, ce ta koya mini hanyar da Farfesa Adrian Wells na Jami'ar Manchester ya ɓullo da ita a shekarun 1990. Hanyar ba ta tsayawa tantance ko tunanin gaskiya ne. Tana duba abin da ka ɗauki tunanin da kansa. Ni ashe na yarda cewa in ban yi ta bita ba zan kashe ɗan wani, kuma na yarda ba ni da ikon tsayar da ita.

Abokiyar aikin ta ce in tunanin ya zo, in ce masa sai bayan la'asar, in ba shi minti 15. Dariya na yi. Amma sau da yawa la'asar ta yi, na tarar ya riga ya huce. Akwai kuma horon mai da hankali na kimanin minti 12: in saurari ƙarar fanka, in koma kan muryar mai tallan ruwa, in koma kukan akuyar maƙwabta, in haɗa su duka. Yanzu ina barci.

Sai dai shugabannin asibitoci kada su laɓe a bayan wannan. Ranar Talatar da ta wuce ni kaɗai ce a kan gadaje talatin, abokan karatuna da dama sun tafi Birtaniya da Saudiyya. A ɗauki ma'aikata, a kuma ajiye mana masanin halayya wanda za mu iya gani ba tare da magana ta kai kunnen matiron ba.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya, Kano