A gwada sabon iri a jigawar Sakkwato, a kuma ceto irin kakanninmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a muhawarar da ake ta yi kan irin shuka na zamani. Ni tsohon malamin makaranta ne, ina noman gero da wake a jigawa a ƙasar Kware, in rani ya yi kuma in gangara fadama in taɓa albasa da 'yar shinkafa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a majalisa da cikin motar haya da shirye-shiryen rediyo, duk irin da ya fito daga hannun masu bincike an tara shi wuri ɗaya an sa masa suna "irin Bature", wai yana kashe ƙasa, wai ba ya haihuwa. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa manomin Sakkwato taurin kai ne da shi, ba ya son ci gaba. Ban yarda da ko ɗaya ba, kuma hujjata daga gonata na samo ta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya bari a fara ɗaurin dami sai ya zaga gona da kansa. Yakan zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo, ta fi cika ido, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ware ta daban ya rataye can ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta kai ina, ba a surfa wannan. Shekara da shekaru ana haka, shi ya haifar mana da zango da maiwa da muke taƙama da su. Masanin kyautata iri ma aikin da yake yi ke nan, sai dai shi ba ya barin iska ta ɗaura aure. Kafin gero ya fitar da bununi yakan rufe zangarniyar da jakar takarda, ya ɗebo bununin uban da ya zaɓa ya zuba wa uwar da ya zaɓa, sannan ya shuka 'ya'yan ya tsince, ya shuka jikokin ya sake tsincewa. Yakan kai shekara goma kafin iri ɗaya ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya ƙaru a zamanin nan shi ne an gano ƙwayoyin gado, waɗanda ke ɗauke da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya, har ana iya yankar ɗan ganye a kai ɗakin bincike a gane ko tsiron ya gaji halin da ake nema, ba sai an jira kaka ba.

Batun "ba ya haihuwa" kuwa, daga iri mai aure ya samo asali, wato wanda ake sayarwa tun yana haihuwar farko ta auren iri biyu daban, musamman masara, kuma mutane sun ɗauke shi kamar alfadari. Ba haka ba ne. In ka ajiye 'ya'yansa ka shuka za su tsiro sarai, amma za su rarrabu: wannan ya ɗauko kakansa na wajen uba, wancan ya ɗauko na wajen uwa, gona ta zama wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Wani limamin Kirista mai suna Mendel ne ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1866, da gwajin da ya yi da wani ɗan uwan wake a lambunsa. Duk Bafulatanin da ya taɓa haɗa Gudali da Rahaji ya san yadda jikoki ke fitowa. Shi ya sa ake sayen iri mai aure sabo kowace shekara. Amma yawancin geron da waken da gyaɗar da cibiyoyinmu suka fitar ba irin wannan ba ne, ko an aurar da su an tsince su har sun tsaya da ƙafarsu, ana ajiye su a sake shukawa.

Wanda ake ta hayaniya a kansa, wato wanda aka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta aka dasa masa, ba shi da yawa a ƙasar nan. Akwai waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar a 2019, wanda aka sa masa ƙwayar gadon wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin turɓaya don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, akwai auduga, akwai kuma masarar TELA da aka amince da ita a 2024. Ra'ayina a kansu gajere ne: a rubuta a jikin buhu a fili, da Hausa da ajami, mai so ya saya da saninsa, mai tambaya a amsa masa ba tare da raini ba. Amma zalunci ne a shafa wa kowane iri wannan rigima. Mu da muka ga 1975, lokacin da cutar nan mai dunƙule ganye ta cinye gyaɗar Arewa, mun san darajar SAMNUT 24, wadda ke nuna da wuri kuma take jure cutar. Ita ta hanyar aure da zaɓe aka same ta, kamar yadda iyayenmu ke yi.

To, in haka ne, me ya hana manomin Sakkwato rungumar sabon iri hannu biyu? Bari in ba ka labarin geron SOSAT a gidanmu. Wannan gero asalinsa daga Mali aka kyautata shi, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da shi ga manoman Najeriya. Na same shi ta hannun wani abokina malamin gona, na shuka a rabin gona, rabin kuma zangon gidanmu. A shekarar ruwa ya makara, ya kuma ɗauke tun farkon Satumba. SOSAT ya riga ya yi ido ya bushe, zango kuwa rabinsa ya tsaya a bununi. Wannan shekarar shi ya riƙe mana gida, ba zan ɓoye ba.

Duk da haka ƙanen mahaifina ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce: "Wanga ba hatsi na ba." Da fari na ɗauka tsufa ne. Da na zauna na saurare shi sai na ga duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Zangarniyar gajera ce, ba ta ɗauruwa dami yadda muka saba, mu kuwa da dami muke lissafin komai: da shi ake jera rumbu, da shi ake fitar da zakka, da shi ake kai gudummawar biki. Karan bai kai na zango tsawo ba, alhali da kara muke darni da rufin rumfa, ragowar kuma dabbobi su ci. Tunda ya riga na maƙwabta nuna, tsuntsayen yankin kaf gonata suka yo, sai da yara suka yi sati biyu suna kora. Uwargida ma tana da nata hukuncin a kan yadda yake surfuwa da yadda furarsa ke kwana, kuma hukuncinta ya fi na kowa ƙarfi, domin ita ke riƙe da turmi. Haka abin yake a wake. Wanda ya kawo mana wake mai 'ya'ya da yawa amma babu harawa, bai san cewa a ƙasar jajayen awaki da kiwon ragon layya harawa kuɗi ce a hannu ba.

Bayan shekara uku sai na ga SOSAT ɗin nawa ya fara sauya kama. Babu wanda ya gaya mini cewa gero iska ke ɗaukar bununinsa daga gona zuwa gona, saboda haka ya auri na maƙwabta, dole a sabunta shi. Da na tashi neman sabo, sai na faɗa hannun wani mai shago a kasuwa, ya sayar mini da 'yar leda mai hoto, ashe geron ci ne aka shafa wa jan launi. Na yi asarar damina guda a wannan gefen gona. Ni na san ba laifin masu bincike ba ne. Maƙwabcina da ya saya tare da ni bai san haka ba, kuma har gobe in ka ce masa "ingantaccen iri" sai ya tashi ya bar maka wurin. Masu albasa sun fi mu sanin wannan ciwo, domin su sai sun gama ban ruwa da taki na wata da watanni kafin su gane irin da aka sayar musu ba ya yin kai. Akwai hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, ina roƙon jami'anta su riƙa shiga kasuwannin ƙauye kafin saukar damina.

Akwai kuma nisa. Dawa da wake da gyaɗa da masara aikin Samaru ne. Gero da alkama na Maiduguri. Shinkafa ta Badeggi ce a Jihar Neja, albasa kuma cibiyarta tana Ibadan. Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mu nan da ƙyar muke haura 600 zuwa 700, ƙasarmu kuma rairayi ce mai saurin shanye ruwa. In ana neman masu kama da mu, Maraɗi ce da Ƙonni da Sadore kusa da Yamai, inda ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ke binciken gero. Ba banza ba manoman Illela da Gada ke shigo da iri daga tsallake, albasa 'yar Galmi ma ai sunan garinta take ɗauke da shi. Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da gonarta ta tudu a Dundaye da ta fadama a Kwalkwalawa, da ɗalibai masu jini a jika. Abin da nake nema shi ne gwamnatin jiha ta sa kuɗi a haɗa jami'ar da waɗannan cibiyoyi, a riƙa shuka iri biyar ko shida jere da namu na gida a gonakin manoma a Tangaza da Gwadabawa da Wurno da Yabo da Tambuwal. In kaka ta yi a kira maza su duba zangarniya da kara, a ba mata su surfa su daka su dama, kowa ya faɗi zaɓinsa, masanin kuma ya koma da wannan ya ci gaba da aurarwa. Ban ga abin da zai hana a samu gero mai saurin SOSAT da tsawon zango ba, in an sa shi a gaba.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ban ji kowa ya taɓo a muhawarar ba. Mai kyautata iri ba ya ƙirƙirar hali, nemo shi yake yi a cikin tsohon iri. Duk mutumin Sakkwato ya tuna ambaliyar 2010, da ruwan Rima ya shafe gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa, ya yanke hanyar jami'a. Yau akwai shinkafa FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a 2017, masu iya yin kusan sati biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Ƙwayar gadon da ke ba su wannan juriya daga wata tsohuwar shinkafar ƙauye ta gabashin Indiya aka samo ta, shinkafar da ba ta da wani amfani mai yawa, amma manoma suka ƙi yar da ita. Waken da ke jure wuta-wuta kuwa, ciyawar nan mai tsotse saiwa wadda irinta ke yin sama da shekara goma a ƙasa yana jira, juriyarsa an samo ta ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana. Shinkafar NERICA da ta ba Monty Jones ɗan Saliyo babbar kyautar abinci ta duniya a 2004, aure ce tsakanin shinkafar Asiya da jar shinkafar Afirka, dangin wadda kakanninmu ke shukawa a fadamar Rima, mai miƙa wuya tana bin ruwa in ya ƙaru. Yau sai ka yi yawo kafin ka ga mai shuka ta.

Namu irin ya ga farin 1973 ya ga na 1984, ya rayu. Wane ne ya san abin da ke ɓoye a cikinsa? Ga shi yanzu yana salwanta ta hanyar da ba mu taɓa zato ba. A gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, an ƙone rumbuna, mutane sun gudu da kayan jikinsu. Wanda ya samu damar komawa, abin da ya tarar a kasuwa shi zai shuka. Zangarniyar da kakansa ya yi shekara hamsin yana zaɓa ta tafi da rumbun. Akwai ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan, akwai ta Sadore, inda ake adana iri cikin sanyi shekaru masu yawa. Ina roƙon jami'armu ta tura ɗalibai gari-gari, har da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, domin akwai tsofaffin matan da suka fito da ɗan ƙulli a bakin zane. A karɓi ɗan kaɗan, a rubuta sunan da masu shi ke kiransa da sunan garinsu da abin da suka sani game da shi, a ajiye kashi ɗaya nan Sakkwato, a kuma yi alkawarin mayar musu in ƙura ta lafa.

Ƙanen mahaifin nawa ya rasu bara. A rumbunsa mun tarar da dami biyu da ya ware, ɗaya zango ɗaya maiwa, na shuka wani sashe bana, sauran suna nan rataye. Duk malami ko ɗalibin da ke wannan aiki, ya nemi ni ta hannunka, zan ba shi, in kuma kai shi gidajen wasu dattawa uku da na san suna da irin da ba ni da shi. Kai kuma, ranka ya daɗe, in kaka ta yi ka turo mana wakilinka ya ga zangon da SOSAT tsaye a gona ɗaya, ya ji ta bakin masu noma da masu daka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malami kuma manomi,
Ƙaramar Hukumar Kware, Jihar Sakkwato.