A Buɗe Wa Marubuta Ƙagaggun Labaran Tarihi Fili A Jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani rukunin marubuta da ba a cika kula da wahalarsu ba, wato masu ƙaga labari su dasa shi a cikin zamanin da ya shuɗe. Shafukan adabi sun fi karkata ga littattafan soyayya da na zaman aure, kuma ba laifi ba ne tunda su kasuwa ta fi ja, sai dai an bar wannan fanni a baya, alhali da shi aka buɗe ƙofar ƙagaggen labari a boko.

A gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, biyu daga cikin littattafan da aka buga na tarihi ne: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya taɓo yaƙin Kwantagora da Turawa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya bi sawun cinikin bayi har ƙetaren Sahara. Amma waɗannan magabata suna da wata dama da ta kuɓuce wa marubucin yau. Malam Bello ya yi wayo kafin Turawa su gama cin ƙasar, shi kuwa Tafawa Ɓalewa ya tashi a lokacin da tsofaffin da suka ɗanɗani bauta suke raye, ana zama da su a zaure ana jin labari daga bakinsu. Yanzu ba wanda ya rage cikin waɗanda suka ga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, don haka dole mai rubutu ya koma ga takarda, ita kuwa takarda ba ta amsa tambaya.

A ɗauka marubuci yana son ya tura jaruminsa fataucin goro Gwanja wajen shekarar 1850. Kafin ya rubuta shafi ɗaya, sai ya san aikin madugu da na jagaba da na uban dawaki a cikin ayari, ya san yadda ake sauka a zango, da abin da ake biya a mashigar kogi, da yadda ake naɗe goro a ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a bayan jaki. Idan jarumin ya tsaya ciniki a kasuwar Kurmi, kuɗin wuri zai ƙirga, kuma sai marubucin ya san cewa keso ɗaya wuri 20,000 ne, ya kuma san cewa Barth, Bajamushe matafiyi wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wanda kuma ya kai labarinsa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya sa aka biya kuɗin wuri kuma aka dafa rogo, ya saɓa wa tarihi sau biyu, domin littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, shi kuwa rogo daga nahiyar Amurka aka kawo shi bayan Rumfa ya daɗe da rasuwa. Duk wannan bincike bai wuce ya samar da jimla biyu ko uku a cikin babi ba, kuma gwanin marubuci shi ne wanda zai iya haƙura ya zubar da sauran, kada labarin ya koma darasin aji.

Irin wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi. Hilary Mantel ta Ingila, wadda ta ci kyautar Booker a 2009 da 2012 da littattafanta a kan Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ta kwashe shekaru tana bincike, har ta riƙa ajiye katuna na inda kowane mutum yake a kowace rana, don kada ta zaunar da wani a fada alhali tarihi ya ce yana wani gari. A lokacin tana da kamfanin ɗab'i a bayanta. Namu marubucin kuwa galibi malamin makaranta ne ko ma'aikaci ko uwar gida, da kuɗin aljihunsa zai hau mota zuwa Arewa House ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya wuni yana buɗa fayilolin Di'o masu marmashewa a hannu, sannan ya nemi mai iya masa karatun ajami da Larabci. Da ya dawo, kasuwar da ke jiransa ita ce ta WhatsApp, inda masu karatu suke biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna kuma jiran sabon shafi kowace safiya. Ba mamaki da yawa suka gwammace labarin aljanu da sarakunan da ba a taɓa yi ba, inda ba mai tuhumarsu.

Akwai kuma wata matsala da ta fi kuɗi nauyi. Mutanen da ke cikin tarihinmu suna da jikoki a raye, wasunsu a kan karagar mulki. Wanda ya taɓo basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ya sani cewa akwai gidajen da har yau suke da nasu bayanin yadda abin ya faru. Dabarar da Walter Scott, marubucin ƙasar Scotland, ya yi fice da ita tun 1814 tana da amfani a nan: a sa ƙagaggen talaka a tsakiyar labari, a bar manya suna giftawa daga nesa. A ganina, marubuci ba shi da ikon sauya shekara ko wanda ya ci yaƙi, ko ya sa wa wani shehi maganar da bai faɗa ba, amma yana da cikakken 'yanci a wuraren da takarda ta yi shiru. Shirun kuwa yana da yawa, domin malaman fada da jami'an Turawa ne suka rubuta yawancin abin da muka gada. In ban da irin tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, da wuya ka ji muryar mace ko ta bawa ko ta marini, kuma a nan ne ƙagaggen labari yake yin abin da malamin tarihi ba zai iya ba.

Buƙatata ke nan, ya Edita. Jurji Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya rubuta labaran tarihin Musulunci fiye da 20, kuma mujallar ce ta riƙa kai su hannun masu karatu. Malamai sun yi masa raddi a kan yadda ya kawo wasu al'amura, raddin ma ya ƙara wa jama'a sani. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi guda a kowane mako don buga irin waɗannan labarai kashi-kashi, ta biya marubucin wani abu tun kafin ya fara don ya yi kuɗin mota da na kwafin takardu, sannan ta nemi wani malami daga sashen tarihi na ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya riƙa duba kowane kashi kafin a buga, a kuma bar ƙofar gyara a buɗe ga duk mai karatun da yake da hujja.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Zariya.