Zuwa ga abokan cinikinmu na Garwa da kewaye

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Magana ta iso mana cewa tunda babban likitanmu ya bar wannan asibitin dabbobi, wai yara ne suka rage suna koyon aiki a kan dabbobin mutane. Ta yi mana ciwo, ba za mu ɓoye ba. Shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

Gaskiya ne ya tafi. Ya samu aikin da ya fi namu albashi, mun kuma rabu lafiya. Da muna da hali da mun riƙe shi, amma ku duba inda kuɗin ke tafiya. Litar fetur da muke saye sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa ma, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya da ake lallaɓawa da shi, ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai. Allurar haukan kare kuwa ba ta san uzuri ba: dole ta zauna cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. A zafin Maris da Afrilu, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta tana ɗaukewa, janareto ne ke kwana yana aiki saboda firij ɗaya tak. Ga dillalinmu na Duwala da ya ƙara kuɗin magani sau biyu, kuma yanzu sai mun biya kafin ya ɗora kaya. Kayan su sauka a Ngaundare, mu sake biyan mota zuwa nan. Akwai kwalin da ya iso ƙanƙararsa ta narke, muka zubar da shi gaba ɗaya. Wani zai yi shiru ya yi wa dabbarku allurar a haka. Mu ba mu iya ba.

To, su wane ne "yaran"? Likitar da ke duba dabbobinku yanzu a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundare ta yi karatu, kuma ta yi shekaru tana tiyata gefe da gefe da wanda ya tafi. Da yawanku ita ta yi wa karnukanku ɗinki ba ku sani ba. Mataimakinta ya fito ne daga cibiyar horar da ma'aikatan dabbobi ta Marwa, ya jima yana allurar kaji a ƙauyuka kafin ya zo mana. Sai Baba mai kama dabba, wanda bai da takarda ko ɗaya, amma karen da ya gagari mai gidansa yakan kwanta masa. Shi kam ya girmi asibitin.

Kun ga an ɗan daɗa kuɗin duba dabba, kuma muna rufewa da wuri ranar Asabar. Muna kan duba yadda za a daidaita al'amura, muna kuma magana da wasu mutane. In Allah ya yarda za ku ga canji.

Hajiyarmu ta Yalwa, wadda tun kyanwarta ta farko take zuwa mana, yau jikokin kyanwar muke dubawa: Allah ya saka da alheri. Alhaji mai tantabaru na Rumde Ajiya, da bai taɓa tambayar kuɗi kafin a yi aiki ba, mun gode. Waɗanda muka daina gani kuma ba mu riƙe ku a zuci ba, katin dabbobinku yana nan a ajiye. In lokacin allurar karenku ya yi, don Allah kada a tsallake, ko da ba a wurinmu za a yi ba.

Naku,
Ma'aikatan asibitin